Wanda Zai Ce Maka A'a

Da wuya ka sami zauren karatu a Daura, ko Zango, ko Baure, da ba a taɓa jan baƙin Ahalari a cikinsa ba. Yaro ya gama Ƙawa'idi sai a miƙa masa shi, ya koyi tsarki da salla da ƙabli da ba'adi, kafin ya wuce Ishmawi da Iziyya da Risala. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, mai wannan ɗan littafi, Shehu Abdurrahman al-Akhdari, mutumin ƙasar Aljeriya ta yau, ya bar wani aikin daban: waƙe a kan manɗiƙi, ilimin auna hujja, mai suna Sullam, baiti ɗari da arba'in da 'yan kai, wanda ya tsara a shekara ta 941 bayan Hijira yana ɗan shekara 21. Hannun da ya rubuta mana yadda ake gyara salla in an yi rafkanuwa, shi ya rubuta yadda ake gyara tunani in ya karkace. Na farkon ya shiga kowane gida. Na biyun ya tsaya a akwatin manyan malamai.

Na tuno da wannan ne saboda wani irin matashi da ke ƙara yawa a garuruwanmu. Wataƙila ɗalibi ne a kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da aka kafa a Daura a 2019, wataƙila tela ne, ko mai shagon cajin waya a Mai'aduwa, ko budurwa ce da ta yi saukar Islamiyya tana jiran sakamakon jarrabawa. Wata rana ya ci karo da sunan Sokratis ko Ibn Rushdi a waya, wata tambaya ta maƙale masa ta hana shi barci: ta yaya na san abin da nake cewa na sani? Me ke sa hukunci ya zama adalci? Yana son ya koyi falsafa, ya waiga bai ga mai koya masa ba. Manyan makarantun da suka zo garin, har da Jami'ar Sufuri, don injiniyoyi da masu sana'a aka gina su, kuma muna bukatarsu. A gida kuwa, in ya kuskura ya faɗi abin da yake karantawa, gargaɗi biyu zai ji. Na ɗaya, falsafa hanyar ɓata ce. Na biyu, duk wanda littafi ne malaminsa, kuskurensa ya fi daidansa yawa. Ban raina ko ɗaya ba. Amma a ganina na biyun ya fi nauyi, kuma shi matasan suka fi watsarwa.

Gargaɗin farko tsoho ne, malamanmu kuma ba su taɓa zama baki ɗaya a kansa ba. Shehu Magili, wanda ya zo Kano da Katsina wajen 1492 ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa nasiha kan mulki, sun yi musayar baitoci da Imam Suyuɗi na Masar a kan wannan magana. Suyuɗi ya haramta shagala da manɗiƙi. Magili ya kare shi, har ya tsara nasa waƙen a fannin, wanda aka daɗe ana karantarwa a Tambutu. Dukansu biyu manya ne a wurinmu har gobe. Mai Ahalari da kansa ya kawo saɓanin a fili: akwai waɗanda suka hana, irin su Nawawi da Ibn Salahi, akwai waɗanda suka ce ya kamata a sani, shi kuma ya rinjayar da cewa ya halatta ga mai lafiyayyen hankali wanda ya goge da Alƙur'ani da Sunna. Bakatsinen nan Muhammadu al-Kashinawi, da ya rasu a Alƙahira a 1741, an fi saninsa da lissafi da hatimai, amma shi ma ya yi rubutu a manɗiƙi. Ashe abin ba baƙo ba ne a ƙasar nan.

Wanda aka fi kafa hujja da shi in za a tsoratar da yaro shi ne Imam Gazali, don shi ya rubuta littafin da ya rushe malaman falsafa. Sai dai ana mantawa da yadda ya kai ga rubuta shi. Da kansa ya ba da labari a cikin Munƙiz: yana Bagadaza yana karantar da ɗalibai 300, ya riƙa satar lokaci yana karanta littattafansu shi kaɗai, ba malami, ƙasa da shekara biyu, sannan ya ƙara kusan shekara yana juya abin a ransa. Akwai ma littafi guda da ya keɓe don bayyana ra'ayinsu kawai, ba suka. Da ya zo suka, mas'ala 20 ya ɗauka, a uku ya kafirta su: cewa duniya ba ta da farko, cewa sanin Allah bai shafi ɗaiɗaikun abubuwa ba, da musun tashin jikkuna. Lissafinsu da manɗiƙinsu bai taɓa ba. Har ya ja kunnen masoyin addini marar sani da zai ƙaryata lissafin husufi yana zaton addini yake taimako. Amma kada matashinmu ya yi saurin cewa ga abin koyi. Gazali ya shiga ɗakin nan shi kaɗai ne bayan ya yi shekaru a gaban Imamul Haramaini a Naisabur, yana koyon yadda ake kafa hujja da yadda ake rushe ta. Ko da ya kaɗaita, muryar malaminsa tana cikin kunnensa.

Aikin malamin zaure ya wuce fassara. Shi ke sanin wane littafi ke bin wane. Shi ke hana ƙari in karatun jiya bai zauna ba. Mafi girma duka, shi ke cewa a'a. Ka ɗora wasali inda ba wurinsa ba, ya tsayar da kai: a'a, sake. Ka fahimci jimla a baibai, ya gane tun daga inda ka ja numfashi. Littafi ba ya yin haka. Kana iya fahimtarsa a karkace shekara goma yana kwance a tabarma bai ce maka uffan ba. Waya kuwa ta fi muni, domin an gina ta ne ta ƙaro maka irin abin da ka nuna kana so; ka saurari wanda ra'ayinku ya zo ɗaya yau, gobe ta jero maka irinsa. A wasu fannonin duniya kanta tana ƙaryata mutum. Mai koyon gyaran babur shi kaɗai, in ya yi kuskure injin ba zai tashi ba. A falsafa kuskure yana tashi, ya hau titi, har ya ɗauki fasinja.

Ibn Sina ya ba da labarin ƙuruciyarsa a Buhara. Ya karanta littafin Aristo na abin da ke bayan ɗabi'a sau 40, har ya haddace shi, bai gane inda aka dosa ba, ya fid da rai. Wata rana a kasuwar masu littattafai wani dillali ya matsa masa da wani ɗan littafi a kan dirhami uku. Ya saya ba da son ransa ba, ashe bayanin Farabi ne a kan manufar wancan littafi. Ya koma gida ya karanta, ƙulli ya kwance, washegari ya yi sadaka don godiya. Mai ƙwaƙwalwa irin wannan ma hadda ba ta fisshe shi ba, sai da wani ya nuna masa ƙofa.

Akwai wani labarin da masu karatun kai da kai suka fi ƙauna, wanda Ibn Ɗufail, likitan fada da ya rasu a Marrakush a 1185, ya ƙaga. Jariri ne a tsibirin da ba mutum, barewa ta shayar da shi, sunansa Hayyu ɗan Yaƙzan. Da barewar ta mutu ya tsaga ƙirjinta yana neman abin da ya hana ta motsi, ya iske wani gurbi a zuciyar wayam, ya gane abin da yake ƙauna ba naman ba ne, wani abu ne da ya fita. Daga nan ya yi ta hawa, daga wuta zuwa taurari, har ya kai ga sanin Mahalicci, ba littafi ba malami. An fassara shi zuwa Latin a Ingila a 1671, ya yi farin jini a Turai. Ina son labarin nan, ina kuma ba kowane mafari shawarar karanta shi. Wuri ɗaya ne ban yarda ba. Hayyu ya yi duk wannan tunani ba shi da harshe. Sai yana ɗan hamsin baƙo ya sauka tsibirin ya koya masa magana. Mu ba haka muke ba. Da kalmomin da muka tsotsa muke tunani, kuma kowace kalma tana zuwa da kayan mutanen da suka riga mu amfani da ita. Don haka littafin farko na mafari a Daura yana bakinsa tun kafin ya sayi ko ɗaya.

Masu manɗiƙi suna da ƙa'ida: in za ka faɗi ma'anar abu, sai bayaninka ya tattaro duk abin da ke cikinsa, ya kuma hana bare shiga. A gwada ta a kan kunya. Mece ce kunya? Amsar da ke fara zuwa ita ce, jin nauyin idon mutane in ka aikata abin da bai kamata ba. To, uwar da ba ta kiran sunan ɗan farinta fa, ko amaryar da ba ta cin abinci a gaban surukai, wane laifi suka yi? Bayanin bai tattaro ba. A faɗaɗa: jin nauyin mutane ne, da laifi ko babu. Sai ga mutum shi kaɗai a gona, ba mai ganinsa, damin maƙwabcinsa yana kusa, ya janye hannu ya ce yana jin kunyar Allah. Babu idon mutum a nan. A sake faɗaɗawa: jin nauyin wanda kake girmamawa ne. Yanzu kuma bare ya fara leƙowa. Talakan da aka ci masa iyakar gona ya sunkuyar da kai a gaban mai ƙarfi bai ce komai ba, kunya ce ko tsoro? Shaidan da ya san gaskiya ya kasa faɗa don wanda ake ƙara sa'an mahaifinsa ne, mun ce kunya ta hana shi. In kunya alheri ce dukkanta, yaya ta hana a ba marayu haƙƙinsu? Malaman hadisi sun gamu da wannan tambaya, suka amsa da cewa waccan rauni ce, sunan kunya kawai mutane suka ara mata. Kana iya gamsuwa da amsar, kana iya cewa abubuwa biyu ne suka daɗe suna kwana a ƙarƙashin suna ɗaya. Ko ta ina ka bi, ba za ka sake jin kalmar yadda ka saba ji ba, kuma gobe in aka ce maka "ka ji kunya mana", za ka san abin da za ka duba.

Wannan shi ne aikin da Sokratis ya yi ta yi a kasuwar Atina da kalmomin jarumta da tsoron Allah da adalci, har aka yanke masa hukuncin kisa a shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa. A 1974 Baturen nan Kirk-Greene ya fitar da ɗan nazarinsa a kan mutumin kirki a wurin Bahaushe, ya jero halaye goma, ciki har da gaskiya da amana da haƙuri da kunya da mutunci. Jerin ya yi kyau, amma aiki yana farawa ne ranar da biyu daga cikinsu suka yi karo: ranar da riƙon amanar aboki ya zama zaluntar wani, ko faɗin gaskiya ya zama zubar da mutuncin dattijo. Shi ya sa ba na tare da masu cewa karin magana ita ce falsafar Bahaushe, shi ke nan. Karin magana tana rufe gardama ne. An ce gani ya kori ji, kowa ya yi shiru. Mai koyon falsafa shi ne zai ce: wane gani? Ga kawalwalniya a kan kwaltar Kazaure da bazara, ido ya ce ruwa ne, direban da ya gaya maka ba ruwa ba ne shi ya fi ido gaskiya. Ashe akwai jin da ke korar gani. Yaushe ne wannan, yaushe ne wancan?

Ɗan Daura yana da wurin gwada wannan da ba kowa ke da irinsa ba. Rijiyar Kusugu tana nan cikin gari, kana iya leƙa ta, kana iya shan ruwanta. Wannan gani ne. Cewa Bayajida ya biyo ta Borno, maƙeran Gaya suka ƙera masa wuƙa, ya sauka da dare gidan tsohuwa Ayana ya nemi ruwa aka ce sai Juma'a, ya je ya sare macijin, ya auri Daurama, wannan ji ne. Hanyoyi biyu masu sauƙi suna jiran matashi a nan: ya ce tatsuniya ce ya wuce, ko ya ce haka kakanni suka faɗa ya wuce. Duka biyun gudu ne. Wanda ya karanta tauhidin Shehu Sanusi ya san hukuncin hankali kashi uku ne, wajibi da mustahili da ja'izi. Maciji ya tare rijiya ja'izi ne, hankali bai kore shi ba; amma yiwuwar abu ba ita ce aukuwarsa ba. Sai a koma ga labari: su wa suka ruwaito, tun yaushe, kuma yawan masu faɗa a yau yana nuna yawan waɗanda suka gani a lokacin? Ranar Juma'a fa, ta yaya ta shiga labarin zamanin da ake cewa ya riga Musulunci zuwa ƙasar? Masanin tarihi Abdullahi Smith, a 1970, ya ce a nemi asalin daulolin Hausa a yadda ƙauye ya zama gari, gari ya zama birni, ba a zuwan jarumi ɗaya ba. Kwalejin da ke Daura mai sunan Yusufu Bala Usman tana ɗauke da sunan mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa yana koya wa ɗalibai su tuhumi kowace majiya, ta baka ce ko ta Bature.

Amma akwai tambaya ta uku da ta fi waɗannan daɗi a wurina: me labarin yake cewa? Yana cewa wanda ya buɗe wa mutane ruwa shi ya cancanci gadon sarauta. Wannan magana ce a kan mulki, kuma ana iya auna ta ko macijin ya taɓa rayuwa ko bai taɓa ba. Tarihin garin ma ya ɗora ta a sikeli. A 1805 Malam Ishaku ya karɓi Daura da tutar jihadi, tsohon gidan sarauta ya koma gefe, har ya kafu a Zango. A 1906 Turawa suka dawo da Malam Musa na tsohon gidan. Cikin wannan ƙarni guda, me ke sa mutum ya zama sarkin Daura na gaskiya: jini, ko tuta, ko riƙon birni, ko yardar talakawa, ko adalci? Wanda ya zauna da wannan tambaya tsakani da Allah, ba don ya goyi bayan wani gida ba, ya riga ya shiga abin da Aflatun da Farabi suka yi ta fama da shi, kuma zai karanta su da yunwa.

Littattafan farko su zama gajeru, a kuma karanta su a hankali irin na zaure. Ƙananan hirarrakin Aflatun, Munƙiz na Gazali, tunane-tunane shida da Dekart ya fitar a 1641, ɗan littafin Bertrand Russell na 1912 a kan matsalolin falsafa, duk ana samunsu da Larabci ko Turanci, kuma ba wanda ya fi ƙarfin aljihun riga. Bayan kowane shafi a rufe littafin, a rubuta da Hausa abin da mutumin yake so a yarda da shi, da dalilin da ya kawo. In jimlar ta ƙi fitowa da Hausa, yawanci ba harshen ne ya gaza ba, fahimtar ce ba ta nuna ba. Manyan kalmomin aro suna iya ɓoye wa mutum cewa bai gane ba. Hausar da za ka faɗa wa kakarka ba ta ɓoyewa.

Duk wannan bai maye gurbin mai cewa a'a ba, dole a fita a nemo shi. Ba musun teburin mai shayi nake nufi ba, inda kowa ke son ya kayar. Mutum ɗaya ya isa, wanda zai karanta abin da ka rubuta ya sa yatsa a inda ya yi rauni, kai ma ka yi masa haka, da sharaɗin kada ka soki maganarsa sai ka maimaita ta har ya ce haka yake nufi. Tsofaffin malaman da suka karanta usulul fiƙihu sun iya wannan fiye da yadda 'yan boko ke zato. Matashi ya cire takalmi ya zauna ya ce, "Allah gafarta malam, ga yadda na fahimta, a ina na karkace?" zai sha mamakin abin da zai samu. In kuma shakka ta taso a abin da ya shafi imani, kada a kulle ɗaki da ita. Gazali ya ce ya yi kusan wata biyu cikin irin wannan hali, bai kuma ɓoye ba. Shakkar da aka faɗa wa mai hankali tana samun amsa ko ta sami iyaka. Alamar da na fi tsoro ba ita ba ce. Na fi tsoron ranar da yaro zai fara ɗana wa mahaifinsa tarkon hujja a gaban mutane, don tsohon bai iya faɗin ma'anar amana ba, alhali ya shekara arba'in ana ba shi ajiya ba ta taɓa ciwon kai ba. Wannan ma sani ne, kuma wane irin sani ne, tambaya ce da yaron bai kai gare ta ba tukuna.

Babban mai falsafar da ƙasar Hausa ta haifa a ƙarni na 19, Abdulƙadir ɗan Tafa, an haife shi a 1804, shekarar hijirar Shehu Usmanu, ya rasu a 1864. Ya karantar a Salame, ya yi rubutu a tarihi da tasawwufi da asalin samuwa, kuma matafiyin nan Barth da ya gamu da shi a 1853 ya sa shi a sahun gaba na masanan Sakkwato. Bai tashi shi kaɗai ba. Mahaifinsa Malam Tafa malami ne, kawunsa Muhammadu Sambo shehinsa ne, mahaifiyarsa Khadija 'yar Shehu Usmanu malama ce, ƙanwarta kuma ita ce Nana Asma'u. Gida ne da mace ke iya tsayar da namiji a karatu ta ce masa sake. Wannan ne ke sa ni tunanin budurwar da na ambata, domin matsalarta ta fi ta saurayin. Shi yana da majalisa, yana da zauren malam bayan asuba, yana iya hawa babur ya je Sandamu wurin aboki. Ita sau da yawa daga ita sai wayar. Mai ce mata a'a na farko a cikin gida zai fito, ko malamar Islamiyyarsu, ko ƙawar da za su riƙa musayar littafin rubutu. Yayan da ya ga baƙon littafi a hannun ƙanwarsa, kafin ya yanke hukunci, ya karɓa ya karanta shafin da take kai, ya ce mata, "Ke, nan ban yarda ba," ya kuma zauna ya ji amsarta.